Darasi: Sake Koyon Tsayuwa a Cikin Ruwa

Abin da ake so ɗalibi ya ƙaru da shi a wannan darasi shi ne sanin abin da ke riƙe mutum a tsaye, da yadda wasu cututtuka ke ɓata shi, da dalilin da ya sa likitocin fisiyo ke shigar da masu irin wannan larura cikin ruwa, da kuma wanda bai kamata a shigar ba ko kusa.

Faɗuwa da tsoron faɗuwa

Duk gidan da aka taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki sun san cewa sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen wahala ba. An dawo gida, baki ya fara komawa daidai, magana ta fara fita, amma tashi daga kan tabarma ya zama aiki. Tsallake dokin ƙofa sai an riƙe, shiga banɗaki sai da ɗan rakiya. Ranar da mai jinya ya ɗan kau da ido, sai a ji tim. Daga ranar maras lafiya ya ɗauki tsoro, mutanen gida ma sun ɗauka. Da ya yunƙura sai a ce, "Baba, don Allah yi zamanka, me kake so a kawo maka?" Tausayi ne ke sa a faɗi haka, amma zaman shi ke cinye ɗan ƙarfin da ya rage a ƙafa. Ƙafa ta ƙara sanyi, tangaɗi ya ƙaru, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko saurin zuwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, jiki ba ya sake koyon tsayuwa sai an bar shi ya goce ya dawo, ya goce ya dawo, sau ba adadi. To, wa zai bar dattijo ɗan shekara sittin da biyar ya yi ta gocewa a kan siminti, alhali faɗuwa ɗaya na iya karya masa ƙashin ƙugu? Ana bukatar wurin da mutum zai yi kuskuren tsayuwa ba tare da ya ji ciwo ba. Wannan wurin shi ne ruwa.

Abin da ke riƙe mu a tsaye

Mai lafiya ba ya tunanin tsayuwa, don haka yana ɗauka abu ne mai sauƙi. Gaskiyar magana, ko a tsaye cik mutum yake, jikinsa na ɗan kaɗawa gaba da baya, ana ta gyara shi ba tare da ya sani ba. Ƙwaƙwalwa na samun labari daga wurare uku. Ido na faɗa mata inda bango da ƙasa suke. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke faɗa mata duk inda kai ya juya, kuma idan suka rikice ne mutum ke jin jiri. Sannan akwai jijiyoyin ji a tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa da sauran gaɓoɓi, masu sanar da ita inda nauyi ya karkata. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya tana cikin masu haɗa waɗannan labarai, sai umarni ya bi ta laka ya isa ga tsoka: wannan ta ɗaure, waccan ta saki. Duk wannan na faruwa kafin ƙiftawar ido.

Kowa na iya gwadawa a aji. A tsaya kusa da bango a ɗaga ƙafa ɗaya. Ba wuya. Yanzu a rufe ido. Nan da nan za a ji idon sawu na rawa yana neman gyara, domin an ɗauke ɗaya daga cikin masu kawo labari, sauran biyun sun shiga aiki biyu.

Cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi kowace da inda take yanke wannan hanya. Wadda muka fi sani ita ce shanyewar ɓarin jiki, inda jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ke toshewa ko fashewa. Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a 2018, ya ɗora alhakin kusan tara cikin goma na wannan ciwo a kan hawan jini. Ya kamata a riƙe wannan, domin har yanzu akwai gidajen da in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sai a ce iska ce, a ɓata sa'o'in da ya kamata a ce ana asibiti. Mai wannan ciwo yakan jingina nauyinsa duka a ƙafar da ke da lafiya, ya riƙa jan ɗayar, wani ma ba ya jin inda ƙafar take sai ya duba.

Cutar Parkinson, wadda wani likitan Landan, James Parkinson, ya fara bayyanawa a 1817, tana zuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka yi ta mutuwa. Ita ce ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda duniya ta ga hannunsa na karkarwa lokacin da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Mutane sun fi lura da karkarwar, amma abin da ke kayar da mai ita shi ne ƙagewar jiki, da gajeren taku, da ƙafa da kan manne a ƙasa daidai lokacin da zai juya ko zai shiga ƙofa. Akwai kuma cutar zaizayar rigar jijiyoyi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, ta fi yawa a Turai da Arewacin Amurka. Akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani bayan haihuwa. Akwai masu ciwon suga da tafin ƙafarsu ya daina ji. Ga kuma dubban waɗanda shan inna ta taɓa tun suna yara. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu, kuma wasunsu kan ji sabon rauni idan shekaru suka ja.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san guga cike ba shi da nauyi muddin yana cikin ruwa, sai ya ɓullo sannan hannu ya ji jiki. Wani masanin Girka mai suna Akimidis, wanda ya rayu a tsibirin Sisili fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya bayyana dalili: ruwa na tura duk abin da aka tsoma a cikinsa sama, da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Jikin mutum ma haka. Wanda ya tsaya ruwa ya kai masa ƙugu, ƙafafunsa na ɗauke da kusan rabin nauyinsa ne kawai. Idan ya kai ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Idan ya kai wuya, kusan ɗaya cikin goma. Ke nan mutum mai kilo 70 da ruwa ya kai wa wuya, kilo 7 ko makamancin haka ƙafafunsa ke ɗauka. Ƙafar da ta kasa riƙe shi a tsakar gida za ta iya riƙe shi a nan. Kuma likita na da ma'auni a hannunsa: yau a tsaya a mai zurfi, bayan mako biyu a matsa inda ruwa bai kai haka ba, nauyi ya ƙaru kaɗan.

Rage nauyi shi aka fi ambata, amma a ganina abin da ya fi shi muhimmanci ga mai tangaɗi shi ne lokaci. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800. A tudu, daga gocewa zuwa kaiwa ƙasa bai cika sakan ɗaya ba, kuma ƙwaƙwalwar da ta samu rauni ba ta gama fahimtar abin da ke faruwa ba an riga an faɗi. A cikin ruwa gocewar na tafiya a hankali. Mutum na jin kansa yana karkata, yana da sararin da zai gane ta wane ɓari ne, ya miƙa hannu, ya jefa ƙafa, ya dawo. In ma ya kasa, ruwa ne ya tare shi, ga kuma likita a gefensa. Abin da ba zai yiwu a maimaita ko sau ɗaya a tudu ba, a nan za a maimaita shi har a gaji. Ƙwaƙwalwa kuwa da maimaici take buɗe sababbin hanyoyi a madadin waɗanda suka lalace. Da zarar mutum ya goce sau da yawa bai ji ciwo ba, tsoron nan da ya ɗaure shi a kujera yakan fara saki, kuma jikin da ba ya cikin tsoro ba ya sandarewa kamar wanda ke ciki.

Kaurin ruwan na da wani amfani. Duk inda aka tura hannu ko ƙafa, ruwa na turjewa, kuma turjiyar na ƙaruwa da sauri: in aka ninka saurin motsi sau biyu, turjiyar kan ninku kusan sau huɗu. Saboda haka mai rauni ya yi a hankali, mai ƙarfi ya ƙara sauri, kowa ya samu daidai da shi ba tare da an ɗora masa ƙarfe ba.

Sai matsi. Ruwa na matse jiki ta kowane gefe, kuma ya fi matsewa a ƙasa. Wannan na rage kumburin ƙafa, yana kuma tura jini zuwa ƙirji, shi ya sa wanda ya daɗe a ruwa kan ji fitsari. Ga mai lafiyar zuciya ba komai, ga mai raunin zuciya kuwa ƙarin kaya ne, za mu dawo kan wannan. Na ƙarshe ɗumi. Kwamin gashi na asibiti akan riƙe shi wajen digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, domin ɗumi na sassauta tsokar da ta ƙage. Masu MS ne aka keɓe: zafi na tayar musu da ciwon na ɗan lokaci, gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, don haka su ruwa mai ɗan sanyi ake ba su, ƙasa da digiri 30.

Daga ina hanyoyin suka fito

Shiga ruwan ɗumi don neman sauƙi tsohon abu ne a duniya. Wanda ya sa aka san shi a matsayin gashin masu shan inna shi ne Franklin Roosevelt. Ƙafafunsa sun shanye a 1921 yana ɗan shekara 39, likitocinsa suka ce shan inna ce. A 1924 ya je wani ƙauye mai suna Warm Springs a jihar Jojiya ta Amurka, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa da ɗumin digiri 31. A cikin wannan ruwa ya iya tsayuwa, ya iya motsa ƙafafun da ya fid da rai da su. Ya sayi wurin, ya kafa gidauniya a 1927, masu shan inna suka riƙa zuwa daga ko'ina. Ya zama shugaban Amurka a 1933, kuma a can Warm Springs ɗin ya rasu a watan Afrilu na 1945. Amma a lura da kyau: har ya mutu bai sake tafiya da ƙafarsa ba sai da ƙarafan ɗaure ƙafa da sanda da hannun wani. Ruwan ya ƙarfafa tsokar da ke da sauran rai, bai tayar da jijiyar da ta mutu ba. Duk wanda ya yi wa maras lafiya alkawarin fiye da haka yaudararsa yake yi.

Hanyar da ta fi shafar darasinmu ta fito ne daga hannun wanda ba likita ba. James McMillan injiniya ne da ya san halin ruwa. A 1949 shi da matarsa Phyl suka fara koya wa 'yan mata masu naƙasa na makarantar Halliwick da ke Landan iyo, sunan makarantar ya bi hanyar har yau. McMillan ya ƙi sa wa yaran robar da ke hana nutsewa. Hujjarsa ita ce jikin mai naƙasa ba daidai yake ba, wani ɓari ya fi wani nauyi, saboda haka a ruwa yakan mirgina gefe guda, kuma roba ɓoye wannan take yi maimakon ta koya wa yaro ya shawo kansa. Ya tsara matakai goma. Na farko sabo da ruwa, wato mutum ya koyi hura iska duk lokacin da bakinsa ya kusa ruwa, ya daina firgita. Daga nan mai koyarwa ya riƙa janye hannunsa kaɗan kaɗan. Matakan tsakiya duk na juyi ne: yadda za a karkata dama da hagu a dawo, yadda za a kwanta rigingine a tashi, yadda za a mirgina a tsaya. Sai tsayawa shiru ana kaɗa ruwa a kusa da kai. Iyo shi ne na ƙarshe. Likitocin fisiyo suka duba suka ga cewa abin da McMillan ke koyarwa kafin a kai ga iyon, shi ne ainihin abin da mai shanyewar ɓarin jiki ke bukata.

A garin Bad Ragaz na ƙasar Siwizalan an ɓullo da wata hanya inda ake kwantar da maras lafiya a kan zoben roba, likita ya riƙe ƙafa ko hannu, maras lafiyan kuma ya tura. Ta fi amfani wajen ƙarfafa tsoka. A Jafan kuma Jun Konno ya tsara Ai Chi a 1993: a tsaya ruwa ya kai kafaɗa, a ware ƙafafu, a ɗan durƙusa, a riƙa buɗe hannuwa da rufewa a hankali tare da dogon numfashi, sannan a fara juya gangar jiki, a matso da ƙafafu kusa, har a kai ga tsayawa a kan ƙafa ɗaya.

Yadda zama ɗaya ke kasancewa

Mu ɗauka wani tela ne, shekararsa sittin, wata biyar da ɓarinsa na hagu ya shanye. Yana tafiya da sanda, amma ya faɗi sau biyu a gida. Kafin ya taɓa ruwa an auna jininsa, an duba ƙafarsa ko da gyambo, an tambaye shi ko ya yi gudawa kwanan nan. Ya sauka ta matakala yana riƙe da ƙarfe, ƙafar da ta shanye ce ke fara sauka, likita na gabansa a cikin ruwa. Ruwa ya kai masa ƙirji. Hannunsa na dama ya damƙe ƙarfen gefe har jijiyoyi sun fito.

"Baba, sunkuya kaɗan ka hura ruwan nan, kamar kana hura koko."

Ya hura, ya yi dariya, kafaɗunsa suka sauka. Sai likita ya riƙe shi a ƙugu ta baya.

"Yanzu saki ƙarfen. Ina riƙe da kai. Mayar da nauyinka kan ƙafar hagu. Ƙara. Ƙara kaɗan. Ka ji ta a ƙasa?"

Wannan shi ne karo na farko tun da ciwon ya same shi da ya yarda ya ɗora kansa a kan wannan ƙafa. Sukan daɗe a nan, dama, hagu, dama, hagu. Daga nan tafiya gaba, tafiya da baya, tafiya a kaikaice. Idan ya tsaya cak bayan tafiya, ruwan da ya biyo bayansa kan zo ya ture shi, dole ya ɗaure ciki da baya ya tare. Likita ya ce ya ɗaga hannun dama sama da ruwa. Hannun da ya fita ya rasa tallafin ruwa, ya yi nauyi, jiki ya karkata wajensa, sai ya gyara. A makonnin gaba likita zai cire hannunsa daga ƙugun, ya tsaya a baya yana kaɗa ruwa da tafinsa don ruwan ya ja telan baya, ko ya ajiye ɗan dandamali a ƙasan kwamin ya ce ya hau ya sauka, ko ya jefa masa ƙwallo ya cafe, ko ya sa shi ya yi tafiya yana lissafin kuɗin ɗinki da baki, domin a gida ma ba a tafiya da hankali wuri ɗaya. Likita mai basira yakan tambayi abin da mutum ya fi ƙishirwar komawa gare shi. In ya ce salla a tsaye, to a yi ta gwada sunkuyawa irin ta ruku'u da ɗagowa. In ya ce alwala ba tare da an wanke masa ƙafa ba, a yi ta gwada ɗaga ƙafa ɗaya a kai hannu gare ta.

Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa 45, sau biyu ko uku a mako. Lokacin fita shi ne mafi haɗari. Nauyin da ruwa ya ɗauke ya dawo gaba ɗaya, jini ya sauka ƙafa, jiri na iya ɗibar mutum, ga daɓe da santsi. Sai a zaunar da shi a kujera na 'yan mintoci, a ba shi ruwa ya sha, domin ana zufa a cikin ruwa ba a sani ba.

Me bincike ya nuna

Don a san ko ana ci gaba, akwai awo. Wanda aka fi amfani da shi na wata likitar fisiyo ce 'yar Kanada, Katherine Berg, da ta fitar a 1989: ayyuka 14, kamar tashi daga kujera, ɗauko abu daga ƙasa, juyawa, tsayawa ido rufe, kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 4, jimla 56. Wanda ya gaza 45 ana sa masa ido.

A Koriya ta Kudu an buga wani gwaji a 2008 da mutum 25 da suka daɗe da shanyewar ɓarin jiki. An raba su biyu, wasu a ruwa da hanyar Halliwick da Ai Chi, wasu a ɗakin atisaye, awa ɗaya sau uku a mako har mako takwas. 'Yan ruwa sun fi samun ƙarin maki a awon Berg, sun kuma fi iya ɗora nauyi a ƙafar da ta shanye. A Italiya a 2014 an yi makamancinsa da masu Parkinson 34 na wata biyu. Duka ɓangarorin sun ci gaba, amma 'yan ruwa sun fi a daidaito da raguwar tsoron faɗuwa. Sai dai a dubi adadin: 25, 34. Ƙanana ne. Lokacin da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara abin da ke akwai kan shanyewar ɓarin jiki a 2011, gwaji huɗu kawai ta samu da suka cika sharuɗɗanta, da mutum 94, ta ce hujjar ba ta isa a tabbatar ko a kore ba. Nazarin da ya biyo baya ya fi karkata ga cewa ruwa na taimakawa wajen daidaito, ko da yake yawancin gwajin na 'yan makonni ne.

Akwai kuma abin da ruwa ba zai bayar ba. Tafin ƙafa ba ya jin cikakken nauyi, ido ba ya ganin ƙafa daidai saboda ruwa na karkatar da gani, kuma jinkirin nan da ya taimaka a ruwa babu shi a tudu. Mutum a tudu yake rayuwa. Saboda haka atisayen ruwa tafiya yake yi tare da na tudu, abin da aka koya yau a kwami a gwada shi gobe a tsakar gida.

Wanda ba a shigarwa, da ruwan da ba a shiga

Mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, ba ya shiga. Haka mai raunin zuciya mai kumburi da haki, da wanda jininsa ya hau bai sauka ba, da wanda bai daɗe da samun shanyewar ba likita bai sake shi ba. Haka mai zazzaɓi, mai gudawa ko amai, wanda ba ya iya riƙe bayan gida, mai buɗaɗɗen gyambo ko ciwon kwanciya. Wanda ke ƙwarewa in ya sha ruwa sai an yi hattara ƙwarai. Kuma iya iyo a da ba hujja ba ce: an samu masu Parkinson da suka ƙware a iyo suka wayi gari hannu da ƙafa sun daina tafiya tare a ruwa. Mai irin wannan larura ba ya shiga ruwa shi kaɗai, ko da ruwan iya gwiwa ne.

Wani zai ce, tunda kwamin asibiti ya yi ƙaranci a wajenmu, ga kududdufi a bayan gari, ga dam, ga kogi. A'a. Ƙasan ba daidai yake ba, ga laka mai riƙe ƙafa, ga rami, ba ƙarfen kamawa. Sannan ga tsargiya. Ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance ne ke sakin tsutsar, ta huda fata ta shiga, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari, kuma wani lokaci ƙwanta kan maƙale a laka ya shanye ƙafafu. An je neman ƙiba an samo rama. Ko ruwan Wikki na gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, wanda garau yake kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, daidai da na Warm Springs, wurin shaƙatawa ne, ba a gina shi don gashi ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da sashen gashi na babban asibiti mafi kusa, a tambayi likitan fisiyo ko maras lafiya ya cancanta, da kuma inda ake da kwami. A manyan garuruwa akwai kwamin ninkaya na otal da na makarantu. Idan ruwan na da tsabta da sinadarin kulorin, akwai matakala da ƙarfen kamawa, akwai ɓangaren da bai wuce ƙirji ba, kuma likitan zai shiga tare da shi, ana iya amfani da shi, sai dai ruwansa ya fi na asibiti sanyi, don haka a zaɓi lokacin da rana ta ɗumama shi, a kuma gajarta zaman, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Iyalai kaɗan masu larura iri ɗaya na iya haɗa kuɗi su kama awa guda. Maganar sutura kuwa, wadda ke hana mata da yawa, tana da mafita: a ware musu lokacinsu da likita mace, a sa riga mai dogon hannu da dogon wando marasa nauyi. Zani da babbar riga ne ba a so, domin sukan sha ruwa su naɗe ƙafa.

Wanda bai samu ko ɗaya ba kada ya zauna jira. Tashi da zama daga kujera mai ƙarfi, mayar da nauyi dama da hagu ana dafe da bango, tafiya a kaikaice ana bin katanga, duk ana yin su a gida bisa shawarar likita, da mutum a tsaye ta ɓarin da ya shanye.

Aiki

1. Faɗi wurare uku da ƙwaƙwalwa ke samun labarin tsayuwa, ka bayyana wanne ne ciwon suga ya fi taɓawa.

2. Mace mai kilo 60 ta tsaya ruwa ya kai mata ƙugu. Kilo nawa ƙafafunta ke ɗauka? In ya kai wuya fa?

3. Maƙwabcinka na son ya kai mahaifinsa mai shanyewar ɓarin jiki dam ɗin bayan gari. Rubuta abin da za ka faɗa masa, da irin lafazin da za ka yi masa magana.

4. Ku tattauna a aji: waɗanne abubuwa ne a tsakar gidajenmu da banɗakunanmu suka fi kayar da tsofaffi da marasa lafiya, kuma wanne za a iya gyarawa ba tare da kashe kuɗi ba?

5. Ku kasu biyu biyu. A ajiye kujera, a auna mita 3 daga gabanta a ja layi. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya riƙe agogon waya. Da an ce "tashi", ya miƙe, ya taka zuwa layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na ɗaukar dattijon da ya kai sakan 12 ko fiye a matsayin wanda ke cikin haɗarin faɗuwa. Kowa ya rubuta sakan nawa ya yi a littafinsa, a kawo mako mai zuwa.